Wa Zai Yi wa Sabon Ma'aikaci Jagora?

Mako uku na yi a wurin aikina na farko ina jiran amsar wata takarda da ko motsi ba ta yi ba. Na rubuta buƙatar wasu kayan aiki, na bi ƙa'idar da ke cikin littafin da aka miƙa mini ranar da na kama aiki, na sa hannu inda aka ce a sa, na ajiye ta a tiren takardu masu fita. Kullum da safe sai na duba teburina ko amsa ta zo. Shiru kake ji. Ban tambayi kowa ba, don a ganina tambaya tonon asiri ce: yaron da aka zaɓo cikin ɗimbin masu nema, a ce bai san yadda ake neman kujera da kwamfuta ba?

Wani dattijo mai kula da ɗakin fayil ne ya cece ni. Ya ga ina ta kai-kawo a baranda, sai ya yafito ni. Ya ce, "Ɗana, kai ne mai takardar nan da ke kwance a tire?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya yi murmushi ya ce ai an fi shekara biyu rabon da a kwashe tiren nan, tun da aka yi wa masinjan sashen canjin wurin aiki ba a kawo madadinsa ba. Mai son takardarsa ta yi gaba, da ƙafarsa yake kai ta hawa na biyu, kuma ranar Talata kafin ƙarfe goma sha ɗaya, domin ranar ce kaɗai mai sa hannu yake zama a kan irin waɗannan buƙatu. Cikin minti biyu ya ba ni abin da shafi sittin na littafin ƙa'ida ya kasa ba ni.

Tun daga ranar nake da ra'ayin da har yau ban sauya ba, duk da na sauya wurin aiki fiye da sau ɗaya. Yawancin abin da ake kira sanin aiki yana zaune ne a kawunan mutanen da ke wurin. Don haka sanin mutanen nan wani ɓangare ne na aikin kansa, kuma ma'aikatar da ta ɗauki mutum ta bar shi ya yi ta lalube shi kaɗai, ita ce ta gaza kafin shi.

An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Mun saba ɗaukar maganar a kan wanda ya sauka wani gari, amma ban san inda ta fi dacewa ba kamar ofis. Kuma makantar ba ta kan yaro sabon kammala makaranta kaɗai take sauka ba. Wasu malamai biyu na Jami'ar Harvard, Robert Huckman da Gary Pisano, sun bi diddigin likitocin tiyatar zuciya a jihar Fensilbaniya ta Amurka, irin waɗanda suke aiki a asibiti fiye da ɗaya, suka wallafa sakamakon a 2006. Abin da suka gano ya ba ni mamaki da na fara jin sa. Idan likita ya yawaita yin tiyata a asibiti guda, sakamakonsa a wannan asibitin yana kyautatuwa, mace-mace suna raguwa. Amma wannan ƙwarewar ba ta bin sa sosai zuwa ɗaya asibitin. Hannun ɗaya ne, ƙwaƙwalwar ɗaya ce, aikin ma iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne mutanen da ke tsaye kewaye da shi: mai ba da maganin sa barci da ya san saurinsa, nas ɗin da take miƙo almakashi kafin ya buɗe baki, sanin wanda za a kira idan jini ya ɓalle.

Wani malamin na Harvard, Boris Groysberg, ya ga makamancin haka a harkar kuɗi. Ya nazarci manazarta hannayen jari sama da 1,000, waɗanda aka yi ittifaƙin su ne gwanaye, tsakanin 1988 da 1996. Da yawansu da suka koma wani banki, aikinsu ya yi ƙasa, wasu har tsawon shekaru. Waɗanda suka tashi tare da abokan aikinsu kuwa, ba su yi irin wannan faɗuwar ba. Ashe rabin gwanintar da mutum yake taƙama da ita aro ce daga waɗanda ke gefensa, bai dai sani ba sai ranar da ya waiwaya bai gan su ba.

To idan likitan da ya shekara ashirin yana buɗe ƙirji yana buƙatar lokaci kafin ya saba da sabon ɗakin tiyata, me ya sa muke sa ran sabon akawu ko sabuwar malamar makaranta su fara gudu tun makon farko?

Akwai wani dalili da ya sa takarda ba ta isa. Takarda tana faɗin yadda ya kamata aiki ya tafi. Yadda yake tafiya a zahiri kuwa, da kwane-kwanensa da gyare-gyaren da aka yi masa a hanya, ba wanda ya zauna ya rubuta, kuma sau da yawa masu yin sa ma ba su san sun san shi ba sai an tambaye su. A shekarun 1980 wani masanin halayyar al'umma mai suna Julian Orr ya bi masu gyaran injin hoton takardu na kamfanin Xerox, yana kallon yadda suke aiki. Kamfanin ya ba su manyan littattafan gyara, amma da inji ya kawo matsalar da ba ta cikin littafi, abin da ke fitar da su shi ne labaran da suke ba juna lokacin hutu: injin wane ofis ne yake yin kaza idan ɗaki ya yi zafi, wace dabara wane ya yi bara ta yi aiki. Wanda ya gan su a zaune zai ce zaman hira suke yi, alhali makaranta ce. Daga baya kamfanin ya gina wata ma'ajiya mai suna Eureka don masu gyaran su riƙa zuba waɗannan dabaru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba a rubuta wurin yoyon a jikin ƙofa.

Na san abin da wani zai ce, don ni ma na taɓa faɗar sa. Zai ce wannan duk ado ne ake yi wa fadanci. Mun ga masu "ƙulla alaƙa" da idonmu: wanda yake riga kowa zuwa ɗaukar jakar oga, wanda dariyarsa ta fi ta kowa ƙarfi idan Yallaɓai ya yi barkwancin da ba shi da daɗi, wanda ya san ranar haihuwar 'ya'yan darakta amma bai san inda fayil ɗinsa yake ba. Kuma mun ga an yi musu ƙarin girma an bar masu aikin. Wannan ƙorafi gaskiya ne, ba zan share shi ba. Mutane masu mutunci da yawa sun tsani kalmar alaƙa a wurin aiki saboda irin waɗannan, har suka zaɓi su rufe ƙofa su ce aikina zai yi magana.

Amma a duba inda bafade yake fuskanta. Sama kaɗai yake kallo. Duk wanda ba zai iya sa masa hannu a takardar ƙarin girma ba, bango ne a wurinsa. Abin da nake magana a kai kuwa gefe yake kallo, da ƙasa. Dattijon ɗakin fayil ba shi da ikon ƙara mini ko sisi a albashi. Sakatariyar da ta gaya mini cewa shugaban sashenmu ba ya karanta rahoton da ya wuce shafi biyu, ba ta zama a kwamitin komai. Mai kula da kwamfutoci, direba, mai karɓar baƙi, akawun da ya ga shugabanni biyar sun zo sun wuce: waɗannan su ne suka san inda aikin yake numfashi. Gwajin da nake yi wa kaina mai sauƙi ne. Idan na tashi daga wurin mutum, na fi sanin aikina, ko kuwa shi ne kawai ya fi sanin sunana? Na farkon koyo ne. Na biyun ne ake kira da sunan da muka tsana.

Shi kuma mai cewa aikina zai yi magana, ina girmama shi, amma ina ganin ya yi kuskure a wuri guda. Kafin aiki ya yi magana sai ya zama shi ne aikin da ake buƙata. Na taɓa ganin wata sabuwar ma'aikaciya mai hazaƙa ta shafe wata guda tana haɗa wani rahoto mai kyan gaske, da jadawali da zane-zane, ashe wani sashe ya riga ya yi irinsa wata shida da suka wuce, yana nan a ajiye. Hirar minti biyar da mutum ɗaya a wancan sashen da ta hutar da ita. Ba ta yi hirar ba saboda ba ta san kowa a can ba, kuma ba wanda ya ga ya dace ya kai ta.

Wannan ya kawo ni kan wani abu da sababbi kan yi kuskurensa ko da sun yarda su saki jiki. Sukan manne wa mutum biyu ko uku na teburin kusa, su ɗauka shi ke nan sun shiga jama'a. Abokan tebur suna da daɗin zama, amma abin da suka sani kusan shi ne abin da kai ma za ka sani nan da wata biyu, tunda taro ɗaya kuke shiga, oga ɗaya kuke saurara. Sabon labari daga nesa yake zuwa. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya nuna haka tun 1973, bayan ya tattauna da ma'aikata a Newton, kusa da Boston, kan yadda suka sami aikinsu. Cikin waɗanda suka samu ta hanyar wani, kusan kashi 17 cikin ɗari ne kawai suka ce suna yawan ganin mutumin da ya ba su labarin. Kusan kashi 56 jefi-jefi suke haɗuwa da shi, sauran kuwa da ƙyar ma suke ganin sa. A 2022 mujallar Science ta wallafa wani gwaji da aka yi da kimanin mutum miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, shi ma ya nuna cewa sanayya ta tsaka-tsaki ta fi aminci na ƙut-da-ƙut kai mutum ga sabon aiki. Binciken kan neman aiki ne, amma dalilin bai sauya ba idan an shiga ciki. Mutumin sashen kuɗi da kuke gaisawa a matakala shi ne zai gaya maka an kusa rufe kasafi, tun kafin takardar sanarwa ta iso teburinka.

Ga kuma wata dukiya da sabon ma'aikaci yake da ita, wadda ba ya gane darajarta sai ta ƙare: izinin rashin sani. A watannin farko kana iya tambayar komai, har abin da ya fi kowane sauƙi, ba mai ganin laifinka. Ma'anar wannan gajeren suna da ake ta ambata a taro? Me ya sa ake aika kwafin wannan wasiƙa ga wancan ofishi? Wa ya fara wannan tsari, kuma wace matsala aka so a magance da shi? Tsofaffin ma'aikata ma suna jin daɗin irin wannan tambaya, don da wuya a sami wanda ba ya son a nemi saninsa. Amma izinin yana da wa'adi. Tambayar da za a amsa maka da fara'a a mako na biyu, idan ka yi ta a wata na takwas sai an ɗaga gira. Ni na ƙona makonni uku na wannan izini a kan girman kai, ina tsoron a ce ban sani ba, alhali kowa a ginin ya san ban sani ba. Ni kaɗai nake ɓoye abin da ke fili.

Sai dai tambaya ma tana da ladabi. Wanda ya tambayi abu ɗaya sau huɗu saboda bai rubuta ba, ya mai da mutane littafinsa. Ƙaramin littafi a aljihu ya fi kowace dabara da na sani. A tara tambayoyi a kai su lokaci guda, kada a riƙa katse mutum duk bayan minti goma. Kuma idan shawarar wani ta yi aiki, a koma a gaya masa ta yi. Wannan komawar, wadda mutane da yawa suke mantawa da ita, ita ce take mai da taimakon rana ɗaya ya zama sanayya.

Har ila yau akwai sabon da yake zuwa da tsintsiya. Tun kwana na uku ya fara "a inda na baro ba haka muke yi ba." Wataƙila ma yana da gaskiya. Amma ruwa ba ya tsami banza. Tsarin da ya yi maka kama da wauta sau da yawa tabon wani rauni ne da aka ji kafin ka zo. A fara tambayar dalilinsa. Idan an bincika an ga dalilin ya mutu tuntuni, kamar tiren nan nawa, to a lokacin gyara zai karɓu, kuma za a sami masu mara baya, domin an riga an saurare su.

Ba ina cewa duk abin da tsofaffin hannu suka koya maka alheri ba ne. Karin maganar nan da ke cewa in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya kai ma ka nemi igiya ka ɗaura, tana da iyaka. A wasu wuraren wutsiyar ita ce sa hannu a rajistar zuwa aiki a madadin wanda bai zo ba, ko ƙara sifiri a rasit. Akwai kuma mai tarbar sabo da hannu bibbiyu don kawai ya ja shi ɓangarensa a wani rikicin da aka fara tun kafin a haifi takardar ɗaukarsa aiki. Alamarsa ba ta ɓuya: a zaman farko zai ba ka tarihin laifin mutum uku. Maganin wannan shi ne yawan kunnuwa. Wanda ya saurari mutum ɗaya ya ɗauki ra'ayinsa, wanda ya saurari goma ya fara ganin wurin da idonsa.

Duk wannan nasiha ce ga sabon, kuma ita ce aka fi yi, don ta fi arha. Inda na fi son a matsa shi ne ɗaya ɓangaren. Ma'aikata takan kashe watanni tana talla, tana tantancewa, tana ganawa da masu nema, sannan ranar da mutumin ya iso sai a tarar ba tebur, ba a buɗe masa imel ba, shugaban da zai karɓe shi ya yi tafiya. A ba shi fom ya cike, a zagaya da shi ofis-ofis ana jero masa sunaye talatin da ba zai riƙe ko uku ba, shi ke nan an gama "gabatarwa". Bayan wata shida a zauna ana auna shi, ana cewa bai kama da sauri ba. Wa ya nuna masa abin da zai kama?

Abin da ake buƙata ba shi da tsada. Kamfanin Microsoft ya gwada haɗa kowane sabon ma'aikaci da wani tsohon hannu wanda ba shugabansa ba, ya bayyana sakamakon a 2019. Cikin sababbin da suka zauna da wannan abokin aƙalla sau ɗaya a kwana 90 na farko, kashi 56 cikin ɗari sun ce ya taimaka musu sun kama aiki da wuri. Waɗanda suka zauna da shi fiye da sau takwas kuwa, kashi 97 ne suka faɗi haka. Muhimmin abu a nan shi ne ba shugaba ba ne. Akwai tambayoyin da mutum ba zai taɓa yi wa wanda zai rubuta masa rahoton lokacin gwaji ba. Amy Edmondson, ita ma ta Harvard, ta ci karo da wannan a asibitoci a shekarun 1990: rukunin ma'aikatan jinya da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi ba da rahoton kurakurai. Da ta bincika sai ta ga alamar cewa su ne ba sa tsoron faɗa. Inda ake hukunta "ban sani ba", ba a daina rashin sani, ɓoye shi ake yi har ranar da zai fashe.

Kuma nauyin ya ƙaru yanzu da mutane da yawa suke kama aiki daga gida, ta allon kwamfuta. Ni baranda ce ta cece ni. Dattijon ya gan ni ina kai-kawo. Wanda ke zaune a ɗakinsa ba mai ganin kai-kawonsa. Wani bincike da aka wallafa a 2021 kan ma'aikatan Microsoft sama da 61,000 a Amurka ya nuna cewa da aka koma aiki daga gida a 2020, kason lokacin da mutane suke hulɗa da 'yan wasu sassan ya ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Waɗannan ma mutane ne da suka riga suka san juna. Ina ga wanda bai taɓa taka ginin ba? Haɗuwar da a da takan faru da kanta a matakala, yanzu sai wani ya ɗauki alƙalami ya tsara ta, kuma wanda ya kwana biyu a wurin ne ya san wa ya kamata a haɗa da wa.

Akwai uzurin da nake ji daga tsofaffin ma'aikata, cewa mu ma haka muka sha wuya, ba wanda ya riƙe mana hannu. Wannan magana tana ba ni haushi fiye da kowace. Wahalar da ka sha ba gado ba ce da za ka ajiye wa na baya. Kuma idan aka tona, ƙarya ce ma: kowannenmu yana da nasa dattijon ɗakin fayil, mun dai manta da shi ne bayan mun tsaya da ƙafafunmu.

Watan jiya aka kawo mana wata sabuwa a sashenmu. Rana ta biyu na ja kujera kusa da teburinta, na ba ta sunayen mutum shida a wasu sassa, na gaya mata abin da kowannensu ya sani wanda ba ya cikin kowane fayil, na kuma aika wa kowannensu saƙo cewa tana tafe. Ta saurara tana rubutawa, sannan ta yi shiru kaɗan, kamar mai auna ko ta faɗa ko ta haɗiye. Can ta ce, "Malam, don Allah kada ka yi mini dariya. Fom ɗin neman katin shiga da na cike jiya, na tura shi adireshin imel ɗin da ke cikin littafin ƙa'ida. Akwai mai duba wannan akwatin kuwa?"

Babu. An fi shekara da rufe shi. Na ce ta ɗauko fom ɗin mu hau sama tare.